Bargon Ma'aji: Tanbihi ga Muridai a Kan Makokin Tsohon Suna

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya zukata, masanin abin da bawa ya ɓoye wa maƙwabcinsa da abin da ya ɓoye wa kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma ba'adu. Ya ku 'yan'uwa muridai, Allah shi yi muku albarka, ku sani akwai wata cuta da take kama mai shiga hanya, wadda ba a cika faɗinta a zaure ba, domin mai ita kunya yake ji. Mutum ya kasance yana da suna a gari, ko sarauta, ko fatauci mai yawa, ko kuwa malam ne da ake shimfiɗa wa buzu. Sai Allah ya jefa masa bege a zuciya, ya ajiye wannan duka ko ya rage, ya kama wuridi. Watannin farko daɗi ne kamar ruwan randa a bazara. Bayan nan sai wani dare ya zo, ya ji baƙin ciki ya danne masa ƙirji irin na wanda aka yi wa mutuwa, alhali kuwa ba wanda ya mutu a gidansa. Wanda ya mutu shi ne mutumin nan da a da ake kira da sunansa. Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba, ba wanda ya zo gaisuwa, ba sadakar uku balle ta bakwai. Shi kaɗai ya san an yi rashi.

A nan muridai suke rabuwa. Wani ya ce ashe tubata ƙarya ce, tun da ga shi ina kewar abin da na bari, sai ya koma inda ya fito a hankali, yau ƙafa ɗaya gobe biyu. Wani kuma ya juya wa kansa da ƙiyayya, ya dinga zagin jiyansa, yana azabtar da jikinsa, har Shaiɗan ya raya masa cewa mutuwa ta fi. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro, domin ɓatansa sanye yake da rigar tawali'u.

Zan kawo muku labarin wani mutum na ƙasar Hindu wanda ya sha wannan ruwa har gindin ƙwarya. Ba musulmi ba ne. Shi da mutanensa Kirishna suke bauta wa, suna sassaƙa masa siffa, suna yi mata hidima kamar yadda ake yi wa sarki a fada, kuma aƙidarsu dabam take da tauhidin da muke a kai; wannan a fili yake, ba sai an tsawaita ba. Amma ciwon zuciya ba shi da ƙabila, kuma mutanen nan sun yi ƙarnoni suna bincike a kan so da rabuwa. Mai hankali yana ɗaukar ibra ko daga tururuwa. Hanyarsu suna kiranta bakti, ma'ana miƙa kai ga abin bauta ta ƙofar ƙauna, suna fifita ta a kan ƙofar hadaya da ƙofar zurfin ilimi. Labarin kuwa wani malaminsu mai suna Kirishnadas Kabiraj ya rubuta shi da harshen Bangal cikin littafin Caitanya Caritamrita, bayan mutanen da abin ya faru da su sun shuɗe. Littafin yabon shaihinsu ne, saboda haka ku saurara kamar yadda ake sauraron manaƙibu. Shekarun da zan ambata na miladiyya ne.

Fasali

Sarki Alauddin Husaini Shah ya mulki ƙasar Bangal, a gabashin Hindu, daga 1494 zuwa 1519. Musulmi ne, amma ya ɗauki masu addinin Hindu da yawa a aikin fada. Cikinsu akwai wa da ƙane, 'ya'yan Barahima, masana harshen Sanskirit na littattafansu da Farisanci na fada. Ƙanen shi ne Dabir Khas, wato magatakardan sirri. Wan kuwa shi ne Sakar Mallik, babba a sha'anin dukiyar sarki, mu ce ma'aji. Waɗannan laƙabai ne na sarauta, amma sun cinye sunayen yanka, har ba a kiransu sai da su. Gidansu yana Ramakeli, kusa da babban birni Gaur.

Ku sani Barahima su ne ajin malamai da masu hidimar ɗakunan bauta a wurinsu, ana gadon darajar ta haihuwa, kuma a al'adar wancan zamani ana iya zubar da ita ta cuɗanya da wanda ba nasu ba, ko da ta cin abinci ce. Don haka mutanen nan biyu, duk da dawaki da barori, suna ganin kansu faɗaɗɗu a idon danginsu. A fada manya ne, a gida masu dauɗa. Tun kafin su bar komai zuciyarsu ta riga ta rabu biyu.

A zamanin nan aka yi wani mutum mai suna Caitanya, an haife shi a Nabadwip a 1486. Malamin nahawu ne mai kaifin jayayya, ana tsoron zama gabansa. Ya tafi garin Gaya domin yi wa mahaifinsa da ya rasu al'adarsu ta matattu, ya dawo wani mutum dabam, ba ya iya karantarwa sai kuka da ambaton sunan Kirishna. A 1510 ya aske kansa, ya bar uwa da mata, ya sauya suna, ya koma garin Puri a bakin teku. Mabiyansa suna ɗaukarsa fiye da shaihu, amma wannan ba shi ne zancenmu ba. Wajajen 1514 ya biyo ta Ramakeli. Wa da ƙane suka tuɓe kayan fada, suka zo masa da tsakar dare a ɓoye, kowanne da tsinken ciyawa a haƙoransa, alamar ƙasƙantar da kai a ƙasarsu, suka faɗi a gabansa suna kuka. Ya tashe su, ya raɗa musu sabon suna. Dabir Khas ya zama Rupa, Sakar Mallik ya zama Sanatana.

Ka lura ya ɗan'uwa, sauya suna dare ɗaya ne. Da gari ya waye Sanatana yana nan ma'aji, sarki yana jiransa da lissafi.

Rupa shi ya fara fita. Ya loda dukiyarsa a jiragen ruwa ya kai garinsu, ya raba rabi ga malamai da masu ibadarsu, rubu'i ga dangi, rubu'i ya ajiye domin larura, kuma ya bar tsabar kuɗi 10,000 a hannun wani mai kanti a Gaur saboda ɗan'uwansa. Ko a zuhudunsa magatakarda ne, komai da ƙididdiga. Sanatana kuwa sarki ba zai sake shi ba, sai ya aika fada cewa ba shi da lafiya, ya zauna gida da malamai ashirin ko talatin suna karatun littafinsu Bagabata Purana. Sarki ya aiko likita, likita ya koma ya ce ban ga cuta a jikinsa ba. Sai sarki ya zo da kansa ba sanarwa, ya same shi cikin karatu, ya yi fushi, ya sa aka tsare shi. Da zai fita yaƙi ƙasar Orisa ya ce ya zo su tafi tare, Sanatana ya ce ba zai iya rakiyar rundunar da za ta taɓa ɗakunan bautarsu ba. Aka mayar da shi kurkuku, aka sa masa mari.

Tanbihi. Wanda ya karanta Munƙizu na Imamu Gazali, Allah shi yi masa rahama, zai ji wannan bai zame masa baƙo ba. A shekara ta 488 ta hijira, wato 1095, yana shugaban karatu a Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 a gabansa, ya yi wata shida zuciyarsa tana kai da komo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga, likitoci suka ce abin daga zuciya ya sauko. Imami ne babba, amma bai tuɓe rawanin Nizamiyya da dariya ba. Kai da kake zargin kanka domin ka ji nauyi, wa ya ce maka manya ba su ji ba?

Fasali

Wasiƙar Rupa ta iske Sanatana a kurkuku, tana gaya masa inda kuɗi suke. Ya kira yari, ya yi masa daɗin baki irin na mutanen fada, ya tuna masa alherin da ya yi masa a da, ya yi masa tayin 5,000. Yari ya ji tsoron sarki. Sanatana ya shirya masa abin da zai faɗa: ka ce na fita biyan bukata a bakin kogin Ganga na faɗa ruwa da marina, ruwa ya tafi da ni, ni kuwa ba za a ƙara ganina a ƙasar nan ba, zan zama darwishi in nufi Makka. Kana ya tara masa 7,000 a gabansa. Da yari ya ga tulin kuɗi, sai ya kwance shi da dare ya ƙetarar da shi kogi. Ba na yaba rashawa, ba na yaba ƙarya, kuma ba Makka ya nufa ba. Abin lura shi ne wanda ya fitar da Sanatana daga kurkuku Sakar Mallik ne, da harshensa da kuɗinsa da sanin halin ma'aikata. Kuma labarin da aka kai wa sarki labarin mutuwa ne: ma'aji ya nutse. Duniya ta yi masa ta'aziyya tun yana tafe da ƙafafunsa.

Ya bar babbar hanya ya bi daji, shi da baransa Ishan, har suka kai wani tsauni da ake kira Patada. Suka sauka wajen wani mai ƙasa, suna neman ya ƙetarar da su. Mutumin nan yana da mai duba, wanda ya raɗa masa cewa baƙin nan suna ɗauke da zinariya takwas. Sai ya tarbe su da girmamawa mai yawa, ya ba su kayan dafuwa, bayan sun kwana biyu ba ci. Sanatana ya yi shekaru a fada, ya san ba a girmama matsiyaci haka banza. Ya kira Ishan ya ce, kana ɗauke da wani abu? Ishan ya ce zinariya bakwai. Ya ce don me ka ɗauko mana ajali? Ya karɓa ya kai wa mai gida. Mai gida ya yi dariya ya ce na san takwas ne, kuma da daren nan na yi niyyar kashe ku. Ya haɗa su da mutum huɗu suka ƙetarar da su ta hanyar daji. Da suka sauka Sanatana ya sake tambayar Ishan, ya ce saura ɗaya. Ya ce riƙe ta, koma gida. Ya ci gaba shi kaɗai, ba bara ba guzuri.

Ka duba wannan da kyau. Baran mutum yakan ɗauko masa abin da shi ya rantse ya bari, kuma ko an matsa masa sai ya ɓoye ɗaya. Haka nafsi take. Ka tambaye ta me kika riƙe, ta ce bakwai, alhali takwas ne. Ba domin mugunta Ishan ya yi ba, tausayin ubangidansa ne da tsoron yunwa. Sanatana bai doke shi ba, bai la'ance shi ba, ya sallame shi da zinariyarsa a hannu.

A garin Hajipur ya haɗu da surukinsa Sirikanta, wanda sarki ya aiko sayen dawaki da kuɗi 300,000. Ya ga ma'ajin jiya cikin ƙura da tsumma, ya roƙe shi ya kwana biyu ya yi aski ya sauya tufa. Ya ƙi. Da ya ga ba zai tsaya ba, sai ya matsa masa ya karɓi bargon ulu mai kyau saboda sanyin hanya. Wannan ya karɓa.

Ya isa Banaras inda Caitanya ya sauka a gidan wani mai suna Candrashekar, ya zauna a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Caitanya ya ce da mai gida, akwai wani namu a ƙofa, shigo da shi. Mai gida ya leƙa ya dawo ya ce ba kowa sai wani darwishi. Ya ce shi nake nufi. Gemu ya yi buzu-buzu, tufa ta dauɗe, har nasa ba su gane shi ba. Ya fita daga suna ɗaya, bai shiga ɗayan ba tukuna. Caitanya ya taso da gudu ya rungume shi, shi kuwa yana ja da baya yana cewa kada ka taɓa ni, ni mai dauɗa ne. Ku riƙe wannan kalma, za ta dawo.

Aka yi masa aski, ya yi wanka a kogi. Aka kawo sabuwar tufa ya ƙi, ya roƙi tsohon zane ya yayyaga shi ya yi bante da mayafi. Wani ya ce ya riƙa cin abinci a gidansa kullum, ya ƙi, ya ce zai yi bara irin ta ƙudan zuma, loma a nan loma a can, kada ya nauyaya wa gida ɗaya. Duk wannan Caitanya ya ji daɗinsa. Sai dai idonsa yana ta komawa kan bargon nan, bai ce komai ba. Sanatana ya gane. Ya sauka bakin kogi, ya ga wani matalauci ɗan Bangal ya wanke tsohon mayafinsa mai faci-faci ya shanya, ya ce mu yi musaya. Mutumin ya ce dattijo kamarka yana yi mini ba'a? Ya ce ba ba'a ba ce. Suka musanya. Da ya dawo, Caitanya ya nuna masa cewa likitan kirki ba ya warkar da cuta ya bar saura, kuma mai bara ƙofa ƙofa da bargo mai tsada abin dariya ne ga mutane.

Bargon nan kuɗinsa uku ne kacal. Mutumin da ya zubar da 7,000 a gaban yari, ya miƙa zinariya bakwai ba waiwaye, shi ne ya yafa bargon kuɗi uku tun daga Hajipur har Banaras bai ji nauyinsa ba. A ganina ba ɗumi kaɗai ya riƙe ba. Kyautar dangi ce, ita ce abu na ƙarshe da aka ba shi domin an san ko shi wane ne. Kowane muridi yana da irin bargon nan. Wani nasa yadda ake gaishe shi ne, wani wurin zamansa a sahu, wani labarin da yakan saka a hira don a san da can ba haka yake ba. Kuma ka ga adabin tarbiyya: ba a fizge bargon ba, kallo kawai aka yi, aka bar shi ya cire da hannunsa.

Sai bayan ya rabu da bargo ya iya yin tambayar da take cinsa. Ya ce mutane suna kirana masani har na yarda, alhali ban san ko ni wane ne ba, ban san dalilin wahalata ba. Caitanya ya zauna da shi wata biyu yana karantar da shi, kuma tushen jawabinsa shi ne haƙiƙar rai bauta ce, sauran sunaye aro ne.

Fasali

Dole in ɗan tsaya in bayyana muku abin da mutanen nan suke yi da baƙin ciki, domin a nan hanyarsu ta fi zurfi. Suna da kalma, biraha, wato son da ake yi cikin rabuwa. Littafinsu Bagabata Purana yana ba da labarin Kirishna yana yaro makiyayi a Birindaban, da matan makiyaya masu tatsar nono da suke jin sarewarsa da dare su bar madara a kan wuta, su bar miji da suna da mutunci su fita. Daga baya ya tafi birnin Matura, bai komo musu ba. Ya aiko abokinsa Uddaba, mai ilimi, ya lallashe su da hikima. Uddaba ya zo zai koyar, ya ga irin kukansu, ya koma yana ganin su suka fi shi. Malamansu suka ce son rabuwa ya fi na saduwa ƙarfi, domin wanda yake tare da masoyi a wuri ɗaya yake ganinsa, wanda ya rasa shi kuwa ko'ina ya duba shi yake gani.

Saboda haka ba sa ce wa mai baƙin ciki ya daina. Juya masa fuskar kukan suke yi. Wanda yake kukan gidan da ya bari da sunan da ya rasa, sai su ce hawayen nan na gaskiya ne, amma ka yi kuskuren adireshi; abin da kake kewa tun asali shi ne wanda kake nema, sarauta inuwarsa ce ka kama. Rupa ya tsara wannan ilimi cikin littafinsa Baktirasamrita Sindu, wanda ya kammala a 1541, ya kasa so gida biyar: na natsuwa, na bara ga ubangida, na aboki, na mahaifi ga ɗa, da na masoyiya ga masoyi. Hikimar da ke ciki ita ce wanda aka tuɓe wa suna ba a barinsa tsirara, sai a ba shi wata matsaya da zai tsaya a kai. Mu ba mu siffanta Ubangiji da waɗannan dangantaka, tsarki ya tabbata gare shi. Amma ma'abota shauƙi a cikinku sun san zuciya ba ta zama fanko, in an ɗebe abu sai an zuba wani.

Fasali

Da labarin ya ƙare a bargo da sauƙi. Bayan wani lokaci Sanatana ya taso daga Matura zuwa Puri ta dajin Jarkand, shi kaɗai, yau ya ci gobe bai ci ba, yana shan ruwa maras kyau. Jikinsa ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi suna zubar da ruwa. Sai tsohuwar kalmar nan ta dawo masa da ƙarfi: ni mai dauɗa ne. Ya ce a ransa, asalina ya ɓaci da hidimar fada, yanzu jikina ma ya ɓaci, ban cancanci kusantar babban ɗakin bauta na Jagannat ba, in masu hidima suka goge ni na ɓata musu tsarki. A Puri kowace shekara, a watansu na Ashada, ana fitar da Jagannat a kan wata karusa ta katako mai ƙafa 16, dubban mutane suna ja da igiya. Ya ƙudurta zai jefa kansa ƙarƙashin ƙafar karusar nan a gaban shaihinsa, ya huta.

Bai gaya wa kowa ba. Kullum Caitanya ya zo sai ya rungume shi da ƙarfi, ruwan ƙurajen yana shafar jikinsa, Sanatana yana gudu yana jin kamar ya nutse. Ran nan Caitanya ya fuskance shi ba tare da an tambaya ba. Ya nuna masa cewa da ana samun abin ƙauna ta hanyar kashe kai da shi ya riga kowa, amma wannan aikin duhu ne, ba ya kai kowa ko'ina. Kana ya kawo hujjar da ta karya shi: ka riga ka miƙa mini kanka, jikin nan ba naka ba ne yanzu, da wane hakki za ka halaka kayan wani? Ina da aiki da shi. Ya juya ga abokin zamansa ya ce, ka ga mutumin da aka ba ajiya yana so ya lalata ta.

Ku ji yadda aka yi wa ma'aji magana da harshen ma'aji. Mutumin da ya yi shekaru yana tsare dukiyar sarki ya san hukuncin mai cin amana, ba ya bukatar sharhi.

Ga abin da na fahimta, ya 'yan'uwa, kuma saboda shi na rubuta wannan takarda. Ƙin kai da ya wuce iyaka bargo ne na biyu, ya ma fi na farko wuyar cirewa domin ba a ganinsa. Mai ujubu yana cewa ba kamata, mai ƙin kai yana cewa ba wanda ya kai ni lalacewa, dukansu biyu kansu suke kallo. Wanda ya saba zama na ɗaya a fada, nafsinsa za ta so ya zama na ɗaya ko a ƙasƙanci ne. Kuma dauɗar da Sanatana yake kuka a kai, mafi yawanta hukuncin al'adar gadon daraja ne, wadda take ƙazantar da mutum domin ya zauna da wani mutum. Shaihinsa da kansa yana rushe ta duk lokacin da ya rungume shi. A shari'armu kashe kai haramun ne babba, ba saɓani, kuma rai amana ce. In ɗayanku ya ji wannan waswasi ya fara zagaya shi, kada ya kwana da shi shi kaɗai. Ya faɗa wa muƙaddaminsa ko ɗan'uwan da ya amince da shi a ranar, a nema masa mai magani, domin baƙin ciki mai tsanani cuta ce da ake jinya kamar zazzaɓi. Ku kuma da kuke zaune kusa da shi a halƙa, in kun ga ɗan'uwa ya yawaita cewa shi ba kome ba ne, yana janye jiki, kada ku ce masha Allah ya kai maƙami. Ku matsa kusa ku tambaye shi.

Sanatana ya bar niyyarsa, amma hali ba ya fita rana ɗaya. A tsakiyar zafi aka kira shi cin abinci da rana tsaka, sai ya ƙi bin hanya mai inuwa da ta bi ta ƙofar ɗakin bauta, ya zaga ta rairayin bakin teku mai ƙuna har tafin ƙafarsa ya yi bororo, bai ma lura ba sai da aka tambaye shi. Wannan karon Caitanya ya yaba masa a kan kiyaye ladabi, ya sake rungumarsa. Suna cewa daga baya ƙurajen suka warke. Ya yi kamar shekara a Puri, kana aka sallame shi zuwa Birindaban.

Aikin da aka ɗora masa a can shi ne ya rubuta littattafai, ya binciko wuraren ziyararsu da daji ya cinye, ya tsara ibada da ladubban mabiya. Ku duba, wannan aikin waziri ne: bincike, tsari, rubutu, sanin mutane. Duk abin da Sakar Mallik ya iya, an karɓa an sa shi a wata hidima. Ya rubuta Birihad Bagabatamrita, ya yi sharhi a kan kashi na goma na Bagabata Purana, inda labarin matan makiyaya yake. Shi da Rupa suna kwana a gindin itace, yau wannan gobe wancan, suna cin busasshiyar gurasa da soyayyen wake. Suna ba da labari cewa yakan zaga ƙauyuka yana tambayar manoma lafiyar shanu da yawan hatsi da auren 'ya'ya, suna kawo masa rigimarsu ya raba, suna kiransa baba.

Akwai wani labari da suke so ƙwarai. Suna cewa abin bautarsa, wanda suke kira Madan Mohan, ya yi masa ƙorafi a mafarki cewa gurasar da yake kawo masa ba ko gishiri. Sanatana ya ce yau gishiri, gobe ka ce man shanu, ni tsoho ne mai bara, a ina zan samo? Ka ci abin da ya samu. Mutumin da taskar Bangal ta bi ta hannunsa ne yake wannan magana, ba kuka a ciki ba kunya, har da wasa. Daga baya wani attajiri ɗan Multan ya gina wa Madan Mohan ɗaki na jan dutse a kan tudu a gefen kogin Yamuna, yana nan tsaye har yau.

Da ya tsufa ya koma kusa da tsaunin Gobardan, yana zaga shi da ƙafa, tafiyar kusan kilomita 21. Ya rasu a 1558 bisa lissafin da ya fi yaɗuwa wajen mabiyansa, ranar cikar watan Ashada, watan nan da ya taɓa zaɓa domin ya mutu a ƙarƙashin karusa. Mutanen ƙauyuka suka aske kawunansu kamar yadda suke yi in uba ya mutu. Har yanzu duk shekara a wannan rana ana taruwa a Gobardan, mabiyansa suna aske kai suna zaga gari da waƙe, ana kiran ranar Mudiya Purnima, wato cikar wata ta masu askakken kai. Kabarinsa yana Birindaban, kusa da ɗakin jan dutse.

Tammat. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.